Tawadar da Ba Ta Bushe Ba

Daga makaranta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙafar Inna? Ka gaya mata na ji labarin tana daina shan magani da zarar ta ji sauƙi, kuma ban ji daɗi ba. Ni ina nan ƙalau, in ban da murar da ruwan nan ya kawo mana, duk ɗakinmu tari muke yi.

Yanzu ka ajiye tsumman nan da kake goge hannu da shi, ka gyara zama. Autarka ta shiga siyasa. Ƙungiyar ɗaliban sashenmu na ilimin laburare za ta yi zaɓe, kuma na tsaya takara. Ba shugaba ba, ba ma'aji ba, waɗannan na masu babbar murya ne. Kujerar da nake nema ita ce ta mai kula da ɗakin karatun ƙungiya. Ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, taga ɗaya, fanka mai kuka, da kantoci cike da littattafan wani malaminmu da ya rasu, iyalinsa suka bar wa ƙungiya. Gefen shafukan duk rubutunsa ne da fensir, har ɗalibai sun fi karanta gefen a kan tsakiyar. Wanda ya ci kujerar shi ke riƙe mabuɗin shekara guda, kuma malamai ba sa manta shi idan ana zaɓen waɗanda za a tura manyan laburare koyon aiki. Ina son mabuɗin nan, ba zan ɓoye maka ba.

Abokiyar takarata wata ce da muke kira Kamus. Ka ambaci kowane fanni, za ta gaya maka lambar kantarsa ba tare da ta ɗaga kai ba. Ta fi ni karatu, wannan ko maƙiyinta ya sani, amma ba ta iya gaisuwa ba. Ni kuwa ka san gidanmu, ko akuya muka gani sai mun tambaye ta gajiya.

Matsalar ita ce kwamitin zaɓe ya hana liƙa hotuna a bango, ya hana ihu a baranda. Ina jin mu kaɗai ne a makarantar nan ke yaƙin neman zaɓe da raɗa. Sai dabara ta zo mini: 'yan ƙananan katuna dogaye, irin waɗanda ake sawa a littafi don a gane inda aka tsaya, da hotona a sama da sunan kujerar a ƙasa. Ƙawata Rediyo, wadda ke jagorantar yaƙina, ta ce ko Kamus ba ta taɓa yin tunani mai kyan wannan ba.

To wa nake da shi a duniya mai injin buga takardu in ba kai ba? Ga hoton nan na sako. Don Allah ka yi su masu sheƙi, kuma ka yi sauri, mako uku ya rage. Na san aiki ya yi maka yawa, amma wa ya ce ka zama yayana?

Autarka

*

Daga shago

Auta,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Inna ta ce a gaya miki ƙafarta ce ba taki ba, amma ta koma shan maganin. Antinki na gaishe ki, ta ce tun kina rarrafe ta san za ki yi mulki, don ko a lokacin ba kya sakin abin da kika riƙe.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Wato duk karatun nan da ake yi, mabuɗi ake nema? Da kin faɗa tun farko ai da na ba ki na shagona. Amma na ji daɗi, Allah ya sani. Na ture aikin katin gayyatar wani mai shagon taya na ɗora naki a inji, ya zo yana faɗa na ce masa aikin hukuma ne. Hoton ya fito kamar ba ke ba, har kin yi kama da mai haƙuri.

Jiya da yamma na ba direban motar da ke bi ta wajenku kunshin, don na san halinki da gaggawa. Yana tsaye injinsa na kunne, ban samu na rubuta komai ba. Shi ya sa na zauna yau, kuma ki karanta nan da kyau.

Kati mai sheƙi ba ya shan tawada, a samansa take zama, kuma da wannan ruwan ba ta bushewa da wuri. Na sa farar takarda tsakanin kowane kati da ɗan'uwansa don hanya. Idan kin kwance, ki baza su ɗaya-ɗaya a inda iska ke shiga, ki ƙyale su kamar mako guda. Ko kin taɓa kin ji kamar sun bushe, ƙarya suke yi. Kada ki tara su, kada ki danne su da komai, kuma kada wani ya sa su cikin littafi kafin lokacin. In aka matse su da takarda a wuri mai zafi, mannewa za su yi. Bayan mako guda ki raba wa mutane a hannu, kowa ya yi abin da ya ga dama da nasa.

Ban sa sunan shago a jiki ba, wurin ya yi kaɗan, kuma fuskarki ta cinye filin.

Ki rubuto ranar rantsarwa. In kin ci, zan rufe shago in zo, in ga ɗakin nan mai fanka mai kuka, wataƙila ma in gyara muku ita.

Yayanki

*

Daga makaranta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Mura ta sake ni.

Kunshi ya iso! Ko 'yar takarda ba ka sako ba, na zazzage har ƙasa ban ga komai ba, amma na yafe maka, aikin ya yi magana. Rediyo ta ɗaga ɗaya sama ta ce wannan ba takarar ɗakin karatu ba ce, ta majalisa ce. Fararen takardun da ka jera a tsakani mun tara su muna lissafi a kai, ba abin da ya tafi a banza.

Ka ji abin da na yi, ka yaba wa ƙanwarka. Da na ce zan raba a hannu, sai na ga ai kowa haka zai yi. Ran Juma'a da rana ni ke zaman ba da aron littattafai a ɗakin karatun, domin mai kujerar yanzu yana rubuta bincikensa na kammala karatu, mu ke karɓar masa. Da mutane suka ragu, sai na bi kantocin na zaɓi littattafan da aka fi ɗauka, wato na koyon tsara katalog (jerin littattafan laburare) da na rarraba fannoni da na adana takardu, na sa kati a tsakiyar kowanne, a babin da za a yi mana jarrabawa a kai. Na mayar da su na matse su tsaf yadda aka koya mana, na rufe taga saboda ruwa, na kulle. Litinin kowa ya buɗe littafi sai ya gan ni ina masa murmushi. Ba bango na taɓa ba, ba ihu na yi ba, ka ga babu dokar da na karya.

Kamus har yanzu ba ta da komai sai wata farar takarda da ta rubuta da hannu, wai za ta gyara katalog ɗin ɗakin. Har tausayi ta ba ni.

Ka gaya wa Inna ta dage da addu'a. Zan rubuto da zarar an ƙirga ƙuri'a.

Autarka

*

Daga makaranta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ni ma lafiya.

Takardarka ta iso, na karanta. An yi zaɓe, na ci.

Don Allah kada ka zo rantsarwa. Ba wani taro ba ne, kuma hanya ba kyau. Kada ka ƙara aiko da komai daga shago, ko direban ya ce zai biyo. In wani daga makarantarmu ya taɓa tambayarka ko kai ka yi katunan, ba sai ka amsa ba.

A gaida Inna.

Auta

*

Daga shago

Auta,

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ƙaramin ɗana ya yi zazzaɓi amma ya miƙe. Inna ta taka har bakin titi da ƙafarta ranar da labarinki ya zo, ta gaya wa mai kanti, ta gaya wa mai gyaran keke, ta gaya wa wata mata da ba ta ma sani ba. Ina taya ki murna, Allah ya taya ki riƙo.

Na jira wata takardar bayan waccan, shiru. Na ce ko aiki ne ya yi miki yawa. Mako ya wuce, wani ya bi shi, sai na ce to bari ni in yi magana, tunda ni ne babba.

Takardarki layi nawa ce ma, amma ta hana ni sakat. Antinki ta ce in bar ta, yarinta ce. Ni kuwa na karanta na gane. Kin shiga cikin malamai da masu manyan takardu, za a yi taro a sa kujeru, sai ga wani ya shigo da baƙin farce yana cewa shi ne yayan mai kujera. Ban ga laifinki sosai ba. Farcen nan ko da me na wanke ba ya fita, na gwada. Na riga na kai riga wajen tela, amma ba komai, za ta yi amfani wani wurin.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne cewa in an tambaye ni kada in amsa. Auta, na yi shekaru ina wannan aiki, na buga wa makarantu, na buga wa asibiti, ban taɓa yin aikin da na ɓoye fuskata a kansa ba. In katin bai yi kyau ba ne, ki faɗa mini inda ya gaza, sana'ata ce, zan ji. In kuma shagon ne ya yi ƙanƙanta a ambata a gaban mutanenki, shi ma ki faɗa, in san inda na tsaya.

Ba fushi nake yi ba. To, ina yi, kaɗan. Amma ki rubuto.

Yayanki

*

Daga makaranta

Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa ƙaramin lafiya, ya ƙara wa Inna ƙarfin ƙafa. Ni jikina lafiya, sauran kuwa ga shi nan za ka ji.

Na fara wannan takarda ban san sau nawa ba ina yagawa. Da na karanta zancen farcenka sai na kifa kai a tebur, har ta kusa da ni ta tambaya ko rasuwa aka yi. Wallahi ba haka ba ne. Abin da ya faru ya fi wannan muni, kuma ba a wajenka munin yake ba.

Waccan Litinin ɗin da na gaya maka, Kamus ce ta fara shiga ɗakin. Ta ɗauko babban littafin tsara katalog, ya ƙi buɗuwa a tsakiya. Ta ja a hankali, katin ya taso da rabin shafi a bayansa, da rubutun marigayi na fensir da komai. A ɗaya shafin kuma ga fuskata a juye, shuɗiya, a kan babin jarrabawa. Kafin in iso an sauke littattafan duka an jera a tebur, mutane sun cika baranda, ba mai magana. Da ihu suka yi da ya fi mini sauƙi. Mu da aka koya wa tun shekarar farko cewa ko ganyen fure ba a sawa a littafi, ga ni na zuba tawada ɗanya a cikin littattafan mamaci na rufe taga. Malamar adana takardu ta zo ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce wasu za su gyaru, wasu sai haƙuri. Ba ta ko kalle ni ba.

Takardarka ta gargaɗi ta iso washegari. Na karanta ta a bayan gidan waya. Ka faɗi komai, har zafin, har matsewar. Ka riƙe wannan a ranka, Yaya: ta iso kafin ranar da 'yan takara ke bayyana manufa, na karanta ta, na san ba ka da laifi ko na ƙwayar zarra.

Rediyo ta ce in ban samo wanda zan ɗora wa ba, ba kujera kaɗai zan rasa ba, har sashen sai ya gagare ni zama. Ba zan ce ita ta sa ni ba, da bakina na yi. Ranar aka cika ɗakin taro, aka kira ni, wani daga baya ya tambaya yadda mai neman riƙe littattafai ta zama mai kashe su. Na riƙe teburin, sai na ji kaina ina cewa:

"Ni ma cutata aka yi. Wani ɗan buga-buga ne a bayan kasuwa na ba aikin, ya rantse mini sun bushe. Irin mutanen nan da ba su san darajar littafi ba, su dai a ba su aiki."

Aka yi dariya, Yaya. Dariyar ta yi mini daɗi a lokacin, wannan ma sai na faɗa maka. Na ƙara da cewa injinsa ya girmi kakata, aka sake dariya. Na yi alkawarin zan zauna in gyara kowane littafi da hannuna. Da aka zo kan Kamus ta tashi ta karanto dokokin adana littafi ɗaya bayan ɗaya fuska a ɗaure, mutane suka ga kamar tana dukan wanda ya riga ya faɗi. Tausayi ya zaɓe ni. Mabuɗin yana cikin jakata yanzu, ban taɓa jin ƙaramin ƙarfe mai nauyinsa ba.

Shi ya sa na ce kada ka zo. Ba farcenka nake gudu su gani ba. Tsoro nake ka shigo kana murmushi ka ce kai ka buga, su gane wanda na kira ɗan buga-buga.

Na zaci abin ya wuce, sai ga shi a zaman farko na sababbin shugabanni sakatare ya kawo shawara, kowa ya amince: a rubuta sunan mai shagon da ya ɓata littattafan marigayi a liƙa a allon sanarwa, don kada wani ɗalibi ya sake kai masa aiki. Ni aka ba aikin, tunda ni na san shi. Na ce na manta sunan, aka ba ni zuwa zama na gaba in tuno. Kamus ta same ni ina goge shafi da auduga, ta zauna ta ɗauki wani littafin tana taya ni har ta tashi tafiya. Ta ce ta ga fararen takardun da muke lissafi a kai, kuma ita ba ta taɓa ganin ɗan buga-bugan da ke jera farar takarda tsakanin kati da kati ba.

In na ba da sunanka, na ci amanarka sau biyu. In na ƙirƙiro wani suna, na ƙara ƙarya a kan ƙarya, kuma wataƙila akwai mai sunan. In na faɗi gaskiya, za su karɓe mabuɗin, kuma da gaskiyarsu. Ban rubuto don ka fitar da ni ba. Na rubuto ne don kada ka ƙara kwana kana zargin hannunka.

Kada ka karanta wa Inna wannan. In ka ga dama kada ka amsa, ba zan ce ka yi laifi ba.

Ƙanwarka, in har yanzu ka yarda

*

Daga shago

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Ban karanta wa Inna ba, na ce mata kina gaishe ta kuma aiki ya yi miki yawa, duka biyun gaskiya ne.

Takardarki ta same ni ina tsakiyar aiki. Na kashe inji na zauna a kan kwalin takardu har aka kira la'asar. Antinki ta kawo abinci ta mayar da shi.

Da farko, littattafan. Ki daina goga da auduga, ƙara shigar da tawadar kike yi. Waɗanda katin bai fita ba kada a ja, ki bar wa malamarku. Na ji zafin littattafan nan fiye da yadda kike zato. Mu ma mun san darajar littafi, Auta, a hannun irinmu yake fitowa. Kuma ina da nawa kason: da na tsayar da direban nan na rubuta layi biyu a bayan kunshin, da ba a kai nan ba. Inji kuwa gaskiyarki, ya tsufa, har na yi 'yar dariya a wajen.

Maganar allo, ki ba su sunan shagona. Ki rubuta shi daidai, da manyan baƙaƙe, kada ki ƙirƙiro na wani bawan Allah. Shagona yana da nisa da ku, ɗalibanku ba su taɓa kawo mini aiki ba, ba kuma za su fara ba. Masu katin gayyata da masu rasit ba sa karanta allonku. Ba abin da zai ragu a tukunyar gidana. Ki riƙe mabuɗinki, kin yi alkawarin gyara, ki cika.

Na juya maganar da kika yi a taron ta kowane gefe. An taɓa ce mini mai tsada, an ce mini mai jinkiri, wani ma ya ce mini ɓarawo a gaban shago, duk na share na ci abincina. Ɗan buga-buga ma zan iya ɗauka. Abin da ya ƙi wuce mini shi ne kin tsaya a gaban mutane kin kira ni "wani", kamar ba ki san ni ba.

Don haka sharaɗina ɗaya ne, kuma ba zan sauko ba. Ki rubuta duk abin da suka ce ki rubuta, cewa aikina ya ɓata littattafai, cewa kada a kawo mini aiki, ban hana ba. Amma a ƙarƙashin sunan shagon, da hannunki, da baƙaƙe masu girman na sama, ki rubuta cewa mai shagon yayanki ne.

Yayanki